Sitiyarin da Ya Jira Shekara Uku

A layin masu gyaran kwamfuta babu mai kiran yayana da sunansa na yanka. Zai Sauka suke ce masa, shi kuma ya amsa. Bakinsa ne ya jawo masa: duk kayan da aka nuna masa sai ya juya shi, ya karanta lambar da ke jiki, ya tambayi farashi, ya ajiye ya ce a bari, zai sauka. Abin haushin kuwa, yawanci gaskiyarsa ce.

Shagonsa bai fi taku huɗu ba. Tebur ɗaya, kwalayen kaya har rufi, ƙananan kusoshi a cikin murafen kwalabe, kowane murfi da girmansa. Sana'arsa haɗa kwamfutar gem, wato ta yin wasanni, irin wadda ake sayen kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, kuma ya shahara wajen fitar wa mai ƙaramin ƙarfi inji mai ƙarfi. Ba ya fara tambayar mutum nawa ya zo da shi, sai ya tambaye shi wane wasa yake yi. Ya ce masa ya zuba rabin kuɗinsa a katin hoto, wanda shi ke zana abin da ido ke gani a allo, ya manta da fitilu masu launi, don ba su ƙara wa inji gudu. A akwatin wuta kuma, mai raba wa sauran kayan lantarki, ba a neman araha, in ya ƙone da 'yan uwansa yake tafiya. Na sha ji yana faɗa wa masu saye su ɗauki abin da zai yi musu aiki yau, gobe ta Allah ce. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Babanmu direban tirela ne, shekara talatin da ɗoriya. Ciwon suga ne ya sauke shi daga mota, ƙafa ta fara kumbura, likita ya ce ya huta. Hutun nan bai karɓe shi ba. Kullum yana kan kujera a ƙofar gida, in babbar mota ta wuce a titin baya sai ya faɗi irin injinta ba tare da ya waiwaya ba, har ya ƙara da cewa direban bai iya canjin giya ba.

Wata rana na dawo da shi daga asibiti muka biya shagon Yaya. Mun tarar da wani mai saye yana gwada injin da aka haɗa masa da wasan tuƙin tirela. Baba ya tsaya a bayansa kamar an dasa shi. Can sai ya fara yi wa bawan Allah faɗa, wai wa ya koya masa shiga kwana da kaya a wannan gudun. Mutumin ya yi dariya ya ba shi kujera. Rabon da in ga Baba yana dariya har da haƙoran ciki, tun yana kan hanya.

A satin nan Yaya ya shigo gida da sitiyari na wasa, mai totur da birki da sandar giya, da sifika biyu. Na hannu ne, amma lafiyarsu lau. A iya sanina, su ne kaɗai abin da ya taɓa saye bai ce zai sauka ba. Ya ɗaure sitiyarin a teburin ɗakin Baba, ya ce saura injin.

Ni na ce masa ai shagonsa cike yake da tsofaffin kaya, ya haɗa ko wanne mana, da babu gara ba daɗi. Ya dube ni kamar na zagi gidanmu. Ya ce mutumin da ya tuka mota ta gaske ba za a zaunar da shi gaban hoto mai tsinkewa ba. Yana so Baba ya ga ruwan sama a gilashi ɗigo-ɗigo, ya ga madubin gefe tar kamar na gaske. Babban inji zai haɗa, amma da dabara, kowane kaya a ranar da ya faɗi. Ba zan ɓoye ba, maganar ta burge ni. Har na ce masa in za a yi, a yi mai kyau. Wannan kalmar tana damuna har yau.

Kwalaye suka fara taruwa a kan kabad ɗinsa. Akwatin wuta ya zo, fankoki suka zo, allo mai faɗi ya zo daga wani ofis da aka rufe. Ya sayi bod, farantin da ake dasa komai a kai, ya zauna jiran ƙwaƙwalwar injin ta sauka. Kafin ta sauka an fito da sabuwa wadda ta fi ta, ita kuma ba ta shiga wannan bod ɗin. Ya sayar da shi da asara, ya koma farko. Shekara ta biyu ta tafi a haka.

Baba bai taɓa yin ƙorafi ba. Kullum da safe sai ya goge sitiyarin da tsumma, ya zauna ya murza shi hagu da dama, wayar sitiyarin na lilo a ƙasa ba a jona ta da komai ba. Ranar da Umma ta rataye tawul a kai, sai da suka yini ba su yi magana ba. In Yaya ya shigo gaisuwa, abin da Baba ke cewa kawai shi ne, motar tasa tana hanya? Yaya ya ce tana hanya, saura katin hoto.

Ni ce na fara lura da idon Baba. Baba ya zuba ruwa ya sauka a gefen kofi. Ya fara miƙo mini takardar magani in karanta masa, wai rubutun zamani ya yi ƙanana. Na gaya wa Yaya, amma sau ɗaya, kuma a tsaitsaye, yana tsakiyar kwance wani inji. Ya ce saura wata biyu sababbin katuna su fito, na yanzu su faɗi. Ni da bakina ba ya mutuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar da ya kamata in ɗaga murya sai na yi shiru. Da muka koma asibiti likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, sugan ne ya taɓa cikin idon.

Wata biyu ya zama bakwai. Katin ya sauka, ya sauka sosai, Zai Sauka ya ci sunansa. Ya rufe shago wata safiya ya haɗa injin a ɗakin Baba, ya ɗaure wayoyi ya jera su tsaf. Allah ya gani, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Allo ya kawo hanya doguwa, ga ruwan sama a gilashi ɗigo-ɗigo, yadda ya yi alkawari.

Muka zaunar da Baba. Ya riƙe sitiyari, ya matsa da fuskarsa kusa da allon, ya ja baya, ya sake matsawa.

"An kunna ne?" ya ce.

Yaya ya kama yatsan Baba ya ɗora a kan maɓallin tayar da mota. Injin ya yi gurnani a sifika, sitiyari ya yi rawa a hannunsa. Nan take Baba ya gyara zama, kafaɗunsa suka miƙe. Ya taka totur, ya saurara, ya canza giya daidai lokacin da ya kamata, da kunne kawai. A kwanar farko motar ta hau shingen hanya. Yaya ya durƙusa a gefensa yana faɗa masa hagu, dama, a hankali. Haka suka yi tafiyar kusan awa guda.

Da Baba ya tsaya, ya shafa sitiyarin ya ce a kashe allon kada a yi ta ɓarnar wuta, ƙarar ta ishe shi. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashin Yaya.

"Allah ya yi maka albarka. Wannan katin da ka sha wahalar jira, shi ne ke kawo ƙarar nan da rawar sitiyarin, ko?"

Na dubi Yaya. Da ya ce e, da babu mai ganin laifinsa. Amma bai taɓa yi wa mai saye ƙarya a kan kaya ba, balle Baba.

"A'a, Baba," ya ce. "Sifika da sitiyari ne, su kuwa tun satin farko suna ɗakin nan."