Ranar da Kwamfutar Malamai Ta Koma Faransanci

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Shango, kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin malamai. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, in ka gama ka tashi wani ya zauna.

Ranar da za a rufe shigar da makin jarabawa, na zo da sassafe don in riga kowa. Na buga kalmar sirrina, ta ce ba daidai ba. Na sake bugawa a hankali, da yatsa ɗaya, kamar ɗan koyo. Ta ƙi. Abin haushi, ba ka ganin me kake rubutawa, sai ɗige-ɗige baƙaƙe. Sunan 'yata ne fa kalmar, ni na raɗa mata shi, amma sai ga ni ina tambayar kaina ko na manta yadda ake rubuta shi.

Ina ta fama har ta kulle ni, wai in jira. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malam, ajinka kaɗai ya rage. Gobe iyaye za su zo karɓar sakamako, me zan ce musu?"

Na ce, "Yallaɓai, ita za ka tambaya."

Na kira mai yi mana gyara, ya ce yana gona wajen Tagwai, sai yamma. Abokina malamin lissafi ya zo ya tsaya a kaina yana cewa in tuna da kyau, shekaru ne suka fara aiki. Na danne zuciyata don azumi nake.

Wajen azahar malamar Faransanci ta shigo da kular abincinta. Ta dube ni, ta dubi kwamfutar, ta ce, "Ayya Malam, ai ni ce na canza tsarin haruffan kibod zuwa na Faransanci jiya, na buga tambayoyin yara." Ta miƙa hannu ta taɓa wasu 'yan haruffa a can ƙasan kusurwa, waɗanda ban taɓa lura da su ba. Ashe a tsarin Faransanci duk inda na danna "a", "q" ke fita. Sunan 'yata kuwa "a" uku gare shi.

Na ce, "Madam, da kin mayar da shi ai."

Ta ce, "Kai ma da ka duba." Ta zauna ta buɗe kularta.

Na shigar da makin a guje, na gama ana shirin kulle ofis. Bayan sati biyu kuma malamin Larabci ya gano dabarar, sai muka koma kullum da yaren da za ka tarar.

Har yau ba na buga komai a kwamfutar da ba tawa ba sai na leƙa wannan kusurwa. Na ma taɓa zama zan zaɓi kalmar da babu "a" a cikinta don in huta. Na yi ta lalube a Hausa, na haƙura.