Ranar da Bahago Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Bahago ya san gashi kaɗan zai bari a ƙasa, labari kuwa sai ya tashi da buhu guda. Shagon askinsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Akwai madubi mai tsaga a kusurwa, da fankar da ba ta tashi sai an zungure ta da sandar tsintsiya, da kujerar aski, da dogon benci a jikin bango. Da hagu yake riƙe kilifa, da hagu yake riƙe reza, shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana yaro. Hannun dama ba shi da wani aiki sai nuni da jaddada magana.

Babu abin da Bahago bai sani ba. Ya san dalilin faɗuwar jirgin da masu bincike ba su gano ba, ya san wanda zai ci ƙwallo tun ba a shiga fili ba, in kuma ba a ci ba ya san wanda aka saya. Mutumin da reza ke kan maƙogwaronsa ba ya musu, shi kuwa Bahago sai ya ɗauki wannan shirun a matsayin shaidar iliminsa. A haka ya shekara da shekaru yana cin gardama.

A cikin masu sauraronsa mutum ɗaya ne ke ɗaukar maganarsa da gaske, wato babban wansa, wanda kowa ke kira Yaya. Kafinta ne, shi ya riƙe Bahago bayan rasuwar mahaifinsu. Lokacin da wani malami ya riƙa dukan hannun yaron don ya koma rubutu da dama, Yaya ne ya ajiye zarto ya je makarantar ya raba gardamar. Shi ya ƙera kujerar askin, shi ya ƙera bencin. Ƙurar katako ta cinye masa ƙirji, har ya zama ba ya fita sai da abin shaƙa a aljihu. Yaya ba mai magana ba ne, don haka yake ganin baiwa ce a ce yaron da ya tashi a hannunsa yana zuba kamar rediyo. In ya zauna ana yi masa aski, ta madubi yake kallon ƙanensa, baki har kunne. Da a ce za a tambayi Bahago abin da ya fi tsoron rasawa a duniya, kuma a ce zai faɗi gaskiya sau ɗaya, to wannan kallon ne.

Da annoba ta zo aka kulle gari, shagon ya yi makonni a rufe. Maza suka koma hannun matansu da almakashin ɗinki, kawuna suka lalace, kowa ya koma sa hula har a ɗaki. Ranar da aka buɗe, layi har bakin kwalbati. Bahago ya ajiye bokitin wanke hannu a ƙofa saboda hukuma, ya rataya takunkumi a haɓa saboda hukuma, sannan ya buɗe bakin da ya yi makonni yana tara magana. Da farko ya ce cutar ta masu hawa jirgi ce. Da ta shigo layinsu, ya ce mura ce ta samu sabuwar riga. Da aka kawo allurar rigakafi kuwa, nan ya sami abin yi.

“Ruwan da aka dama cikin gaggawa za ku miƙa wa jikinku?” in ji shi, yana nuna silin da mataji. “Ni na san abin da ke ciki. Ba zan faɗa ba ne kawai, don kada ku kasa barci.”

Masu zaman benci, Tela da Makanike da Direba, suka gyaɗa kai. Direba ya fi kowa gyaɗawa.

Wata rana ’yar Yaya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta gaishe shi, ta jira har ya sallami wanda ke kujera.

“Baffa, don Allah ka yi wa Baba magana. Ka san ƙirjinsa. Likita ya ce irinsu ne ya kamata su fara zuwa. Na yi magiya har na gaji, ya ce sai abin da ka ce.”

“’Yata, ke yarinya ce. Likitan nan naki, ni nake yi masa aski.”

Ta dube shi ta tafi. Shi kuma ya juya ya ba ’yan benci labarin yadda boko ke ɓata yara.

Abin da ya sauya lissafi shi ne Mahauci. Ƙato ne wanda kujerar ke kuka in ya zauna. Ya zo aski yana ɗan tari, yana dariya yana cewa murar mai sabuwar riga ce ta kama shi. Kafin gashin ya sake tsirowa an binne shi, kuma ba a bar kowa ya matsa kusa ba. Bahago ya tuna yadda ya sunkuya dab da bakin mutumin yana gyara masa gashin baki. Ya riƙa shinshina man gashi da hoda a ɓoye don ya tabbatar hancinsa na aiki. Tari in ya taso masa sai ya haɗiye shi.

Wata safiya ya rufe shago ya ce zai je sayen reza. Ya hau babur ɗinsa ya tsallaka har ƙarshen gari, wata makarantar firamare da aka mayar wurin rigakafi, inda yake ganin ba wanda ya san shi. Ya sa takunkumi biyu, ya sa baƙin tabarau, ya ja hula har gira, ya ƙara da kwat cikin wannan zafin. Ya shiga layi. Sai ya ɗaga ido ya ga ƙeyar da ke gabansa. Mai aski yana iya manta fuska, amma ba ya manta ƙeya, balle wadda shi ya yanka wa layi da hannunsa. Direba ne. Ran Bahago ya ɓaci ƙwarai. Ashe mutumin nan munafuki ne, yana gyaɗa kai a benci yana zuwa nan a ɓoye. Ya daɗe yana jin haushin kafin ya tuna abin da ya kawo shi shi ma.

Ya san fuska ta ɓuya, amma muryarsa ko a cikin rijiya aka ji ta an gane ta. Don haka ya ƙudura ba zai ce uffan ba. Aka yi wa Direba, aka ce ya zauna a benci nan kusa ya ɗan huta. Bahago ya zauna gaban nas, ya zare kwat.

“Baba, hannun da ba ka aiki da shi za ka ba ni, don yakan yi tsami. Hagu ko?”

Kalma ɗaya ce za ta fisshe shi. Ya saci kallon Direba, wanda ke zaune kusa har ana jin numfashinsa. Mutumin da bai taɓa barin tambaya ta wuce ba amsa ba, ranar ya gyaɗa kai kawai. Nas ta naɗe hannun rigar ta soka allurar a hannun da yake ci da shi.

Washegari hannun ya ƙi wuce ƙirji. Ya kumbura, ya yi nauyi kamar an ɗaura masa bulo. Rufe shago kwana biyu a jere zai jawo tambaya, sai ya buɗe, ya riƙe kilifa da dama. Tela ne ya fara zama. Kafin a ankara an fitar masa da titi daga goshi har tsakiyar kai, titin ma a karkace.

Makanike ya daɗe yana kallon yadda Bahago ya maƙale hannun a jikinsa. Can ya ce, “Ka jiƙa tsumma da ruwan sanyi ka ɗora. Jibi zai sake ka.”

Direba ya juyo ya dube shi.

“Kai a ina ka sani?” in ji Direba.

“Inda kai ka sani.”

Tela, da rabin kai a aske, ya ce shi nasa har da zazzaɓi ya haɗa masa. Sai dariya ta ɓarke. Ashe duk sun je, kowa da unguwar da ya ɓuya a cikinta, kowa ya dawo ya ci gaba da gyaɗa kai don kada a ce ya ji tsoro. Direba har da riƙe ciki da ya gane waye mai kwat ɗin jiya. Bahago ma ya fara murmushin yaƙe, yana neman yadda zai ce bincike ya je yi.

Ana cikin haka Yaya ya yi sallama. Dariyar ta mutu.

Idon Yaya bai sauka ko’ina ba sai kan kilifar da ke hannun daman ƙanensa. “Auta, me ya sami hannun?”

Nan ne wurin da ya kamata a faɗi gaskiya, ga shaidu uku da za su taya shi. Bahago ya kalli fuskar wansa, ya ce, “Babur ne ya kayar da ni jiya.”

“Shi ne ba ka faɗa ba? Zauna.”

Yaya ya zaro man zafin da yake shafa wa gwiwarsa, ya zaunar da ƙanensa a benci, ya naɗe masa riga. Idonsa ya yi rauni, bai ga ɗan tabon ba, kumburin kawai ya ji. Ya sa babban yatsan kafinta ya murza wurin da iyakar ƙarfinsa. Hawaye suka zubo wa Bahago, shi kansa bai san na wanne ciwon ba ne.

“Ku dai ku riƙe abin da yaron nan ke faɗa muku,” in ji Yaya yana murzawa. “Ni ’yata har kuka ta yi, na ce Auta ya ce a’a.”

Manyan maza uku suka sami abin kallo a cikin gashin da ke ƙasa.

Bahago ya yi niyyar gyarawa, wannan kam ba za a zalunce shi ba. Ya ce gobe zai je gida ya same shi. Ya shirya yadda zai ce an canja maganin, sabon ya fi na da. Ya daina wa’azin allura ya koma ƙwallo. Amma duk ranar da Yaya ya zauna a kujera ya ɗago ido ta madubi da wannan murmushin, sai goben ta ƙara matsawa gaba. ’Yan benci kuwa suka ce maganar ’yan’uwa ce, ba su shiga.

Cutar ba ta jira goben ba. Aka ɗauki Yaya yana kokawa da numfashi, aka kai shi ɓangaren da ba a shiga. Bahago ya riƙa zuwa bakin get da filas ɗin shayin da ba a karɓa. ’Yar Yaya takan fito ta gaishe shi cikin ladabi, ta ce da sauƙi, ta koma. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko a kan Mahauci, ga kunya, ga ba wanda zai faɗa wa.

Yaya ya tashi, amma rabin numfashinsa ya zauna a asibiti. Zarto da guduma sun ƙare. Sai bayan watanni ya iya zuwa shagon, ’yarsa na riƙe da shi, ya rame, furfura ta rufe masa kunne. Ya zauna a kujerar da ya ƙera, ya huta kafin ya yi magana. Murna ta kama Bahago, ya karkaɗe ƙyalle ya yafa masa, baki ya buɗe, ya fara bayanin yadda tun farko ya san Yaya zai tashi. Ya dafa masa kafaɗar hagu don ya gyara zamansa.

“Yi a hankali da wurin nan,” in ji Yaya. “Jiya yarinyar nan ta kai ni aka yi mini allurar.”

Bahago ya janye hannu.

“Da safe na zo ɗaukar kofi, hannu ya ƙi tashi. Na shafa, na ji kumburin. Sai yatsana ya tuna.” Ya tsaya ya ja numfashi. “Auta, ashe babur ɗin nan wuri ɗaya yake kayar da mutane.”

Ba wanda ya yi dariya a benci.

“Ban zo faɗa ba, ba ni da numfashin faɗa. Ka ji tsoro, kowa ma ya ji. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Da ka tashi tafiya, babur ɗinka na ɗaukar mutum biyu. Me ya sa ba ka biyo ka ɗauke ni ba?”

Bahago ya buɗe baki. Ya duba ta madubi, ya ga Yaya na kallonsa, ba murmushi, ba fushi, kallon mutum mai jiran amsa kawai. Ya lalubi amsar inda ya saba samun ta jirgi da ta ƙwallo, bai tarar da komai ba.

Yaya ya jira iya jiransa, sannan ya lumshe ido. “Yi askin. Ka rage shi sosai, don ba na jin zan riƙa zuwa kamar da.”

Bahago ya ɗauki kilifa da hagu ya kunna. Bai ce komai ba har ya gama. Da ya kashe ta zai ɗauki reza, kowa a shagon yana jin numfashin Yaya, yana shiga da kyar yana fita da ƙara.