Awakin da Aka Ce Ruwa Ya Ci

Kakata Iya Mairo ba ta yin tatsuniya sai hannunta na aiki. Bayan isha'i za ta zauna gaban murhu tana ɓare gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta, wanda ya yi gyangyaɗi ta jefe shi da ɓawo. Akwai wata tatsuniya guda da na tsana, ita kuwa ba ta gajiya da ita.

"Ku matso, ga ta nan tafe." Wai awaki ne suka gaji da kura na ɗauke musu 'ya'ya, suka yi mata bore. Kura ta kashe na gaba-gaba. Sauran suka ƙi kiwo, suka rame, har ta rasa na ci. Sai ta nemi sulhu: ga makiyaya, ku ci ku ƙoshi, amma daga yau waɗanda suka mutu, ruwa ne ya ci su. Awaki suka yarda, suka yi ƙiba. 'Ya'yansu suka tashi suna tsoron rafi.

"Iya, sai kuma me?"

"Sai barci, ɗan nema." Wannan ce kaɗai ba ta rufewa da ƙurunƙus.

Yanzu direba ne ni a Unguwar Ofisoshin Jakadanci a Riyad, ina tuƙa wani dattijo ɗan ƙasar Hungari. Wata rana cunkoso ya tsare mu a hanyar Batha, ya shiga ba ni labarin mahaifinsa. Mutanensu sun taɓa yi wa gwamnati bore, tankoki suka murƙushe su, aka rataye wasu, har da mahaifin nasa. Daga baya gwamnati ta sassauta, nama ya dawo tukunya, muddin ba a kira abin da sunansa ba. "Mun ci, mun yi shiru," in ji shi. "Sai da na yi furfura na san kabarinsa."

A gidanmu ma cewa ake ruwa ne ya ci kakana, mijin Iya, shekarar da ƙauyenmu ya ƙi sakar wa dagaci gonakin fadama. Rafinmu kuwa ko gwiwa ba ya kaiwa.

Iya ta yi ta faɗa mana a tatsuniya har ta rasu ba mu gane ba, abin yana ci mini rai. Da na tashi aiki na kira Baffa Sani, ƙanen mahaifina, shi kaɗai ya rage a cikin 'ya'yan Iya.

"Baffa, don Allah, me ya kashe mahaifinku?"



"Ɗana," ya ce, "jikan dagacin nan ke auren ƙanwarka. Yaya zafin Riyad?"