Ranar da Na Goge wa Bagobiri Zane

Ni kam ko daga barci anka tashe ni, ba za ni manta da ranar da na goge wa Bagobiri zanensa ba. Tun da kun dame ni a guruf, ku sabbin shiga harkar hoto, wai in ba ku labarin babbar kwafsawar da na taɓa yi, to ga ta nan. Yau na fito daga jarabawar ƙarshe, kaina wasai, data ta cika, babban yatsa na ƙaiƙayi. Ku gyara zama.

Lokacin ina hutun ƙarshen aji biyu, da kaka, an gama yankan gero. Ina aiki a shagon hoton Oga Bashar a Isa. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: Oga shi ke riƙe babbar kamara, akwai mai bi masa da ke ɗaukar bidiyo, sannan ni, mai gyaran hoto. In an ɗauko, ni ke zama in daidaita haske, in cire ƙurji, in share maiƙon goshi, in sa amarya ta fito sumul kamar ƙwai. Ba yabon kai ba, hannuna akwai sauri. Har suna anka sa mini, wai Shaf-shaf.

Wata Talata da hantsi Oga da mai bidiyo sunka tafi biki Sabon Birni, anka bar mini shago da ƙaramar kamara. Ba a jima ba sai ga kira daga Legas. Wani Nura ne, ɗan garinmu da ke aiki can. Gayen za shi yi wuf da wata Bayaraba 'yar Ilori, kuma dangin amarya na buga ɗan littafin biki, irin wanda suke sa hoton iyayen ango da na amarya. Nasu ya shiga tuni, saura na iyayen Nura. Mai bugawa ya ce gobe da safe zai ɗora aiki, da hoto ko babu.

"Don Allah ka je gida ka ɗauki Baba da Inna tare," in ji Nura. "Na sa ka a guruf ɗin biki, can za ka turo. Ka gyara su su fito fes."

Na ce, "An gama, babban yaya."

Baban Nura shi ne Alhaji Ummaru, dattijon ɗan kasuwa, shekara da shekaru yana kai kaya Maraɗi. Bagobiri ne na asali, zanensa raɗau, wannan kunci shida, wancan bakwai, sun taso daga gefen baki sun bazu har kusa da kunne. Matarsa Inna Hajo ita ma da nata. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. To uban amaryar ya yi dogon zama a Sakkwato yana sayar da kayan mota, Hausa a bakinsa kamar me. Tun da anka fara maganar auren nan shi da Alhaji sunka ajiye kunyar surukuta gefe, kullum tsokanar juna suke ta waya.

Na isa gidan rana na tsakar ka. Na iske Alhaji ya sha babbar riga da hula, yana tsakar gida bisa kujera.

Na ce, "Baba, da mun bari sai bayan la'asar. Yanzu rana ba ta da mutunci."

"Kai yaro, hoto na ko noma? Ɗauka, ina da baƙi."

Ku riƙe wannan: ranar tsaka daga sama take dukan mutum. Hula ta jefo inuwa bisa ido, goshi ya yi ƙyalli, mutum ya runtse ido kamar an ba shi tsamiya. Haka kuwa anka yi. Ga Inna Hajo ta ƙi matsowa, ta tsaya can, tsakaninsu jaki zai wuce da kayansa. Na danna sau huɗu, Alhaji ya ce ya isa, ya tashi.

Da na koma shago na duba, wallahi sai ka ce hoton masu laifi. Na ce ba komai, Shaf-shaf na nan. Na matso da su kusa, na ɗaga haske, na kama wancan layin manhajar da ke gyara fata na ja shi har ƙarshe. Fuskoki sunka yi luwai. Ban buɗe hoton da girma ba, ban kai wa masu shi sun gani ba. Yatsa ya riga kai. Na tura guruf, na tafi cin shinkafa da wake.

Ina loma ta uku waya ta fara rawa a aljihu. Na duba, guruf ya cika da hotunan dariya. A tsakiya ga saƙon murya daga uban amarya. Na danna.

"Salamu alaikum, Alaji Gobir! Na ga hoto. Kai, masha Allahu, yaro ɗanye sharaf! Amma ina zane? Ko 'yan kwastan sun riƙe shi a boda? Kullum kana ce mini kai ne ubangidana, ashe Bagobirin roba anka ba mu. Ni dai haka za ni sa a buga, duk Ilori su gani!"

Jama'a, na buɗe hoton da girma. Kuncin Alhaji sumul kamar na jariri. Shida babu, bakwai babu. Manhajar ta ɗauka tabo ne, ta share shi tas. Shinkafar nan ba ta wuce maƙoshina ba sai ga kiran Nura.

"Shaf-shaf, ka kashe ni. Je ka gida yanzu, Baba na neman ka."

Na iske Alhaji zaure, an kai masa waya ya gani, ya kuma ji. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya juyo mini hoton.

"Wane na wanga?"

"Kai ne, Baba."

"Ni na? Wanzamin da yay yi mini wanga zane daga Alkalawa, tsohon birnin Gobir, anka ɗauko shi, ina ɗan kwana bakwai. Rana ba ta goge shi ba, ruwa bai goge shi ba, tsuhwa bai goge shi ba. Sai kai, da ɗan yatsa guda?"

Na durƙusa. Na ce, "Baba a yi haƙuri, yanzun nan za ni maido shi. Na asalin na nan."

"In ka maido shi bisa wanga hoto, Bayarabe cewa za shi yi da biro munka zana. Sabo za a yi. Kuma ba wanda za shi sake sa yatsa ga huskata. Yadda kamara tag gani, haka za a aika."

Sai ga muryar Inna Hajo daga bakin ƙofar cikin gida. Ashe ita ma wata jika ta nuna mata.

"Ni kam nawa ya yi. Ɗan nan, zanena ka maido mini, ban hana ba. Amma tamojin nan ka bar su can inda ka kai su."

Kun ji aiki? Zane ya fito, tamoji ya ɓuya, kuma ba a yarda in gyara komai ba. Hoto ɗaya, rana ɗaya, gobe da safe a buga. In ban kawo ba, Alhaji zai shiga littafin Ilori da kuncin jariri, jikokinsa su gada.

Na fita waje na kira Oga. Sai da ya yi dariya har na ji yana tari, sannan ya ce, "Saurara, Shaf-shaf. Zane rami ne. Rami ba ya fitowa sai inuwa ta faɗa cikinsa. Jira rana ta sauko, ka sa ta shafo kuncin Alhaji daga gefe. Ita kuma Inna hasken ya zo mata ta gaba, mai laushi, shi ke cike tamoji. Minti ashirin gare ka kafin ta faɗi. In ka sake kwafsawa, ka nemi shagon cajin waya."

Da can bakin gulbi muke kai ango da amarya irin wannan lokaci, amma yanzu kun san yadda garin yake, ba mai nisa da gida da marece. Sai na zagaya bayan gidan Alhaji, na samu fili kusa da rumbuna, sabbin damman gero jingine, yamma a buɗe. Faifan mayar da haske Oga ya tafi da shi, don haka na roƙi Inna babban tiren da take fitarwa ranar suna. Na jingina shi jikin turmi, na juya shi har ya jefo haske daidai inda za ta zauna. Na ajiye benci guda.

Bayan la'asar sunka fito. Nan rigima ta biyu ta tashi.

"Benci ɗaya?" in ji Inna. "Ido na ganin ido, maƙwabta na leƙe ta katanga?"

"Inna, in kin yi nisa tire ba ya kai miki haske. Tamoji zai fito."

Kafin in rufe baki ta zauna.

Na ce, "Baba, ka ɗan juya wajen Inna."

"Don mi?"

"Don rana ta kama zanen."

Ya juya kamar an murɗa ƙofar da ta yi tsatsa. Yana juyawa, kai jama'a! Hasken nan ja-ja ya shafo kuncinsa, zanen ya tashi ɗaya bayan ɗaya, kowane da inuwarsa. Inna kuma tire ya wanke mata fuska, ta yi kamar ta rage shekara goma. Sai dai fa Alhaji ya ɗaure fuska tamau yana kallon saman kallabinta, ita kuma tana kallon gero. Na danna, na duba. Haske ya yi, mutane ba su yi ba. Kamar an kawo su gaban alƙali. Rana kuwa tana zamewa, ta kusa taɓa kan rumbu.

Na ce, "Baba, ɗan murmushi."

"Bayarabe za ni yi wa murmushi?"

Ban san inda maganar ta fito ba, na ce, "Inna, don Allah ki duba mini, zanen ya cika kuwa? Kada a ce wani ya ɓace a hanya."

Ta dube ni, ta dubi mijinta. Sai ta gyara mayafi, ta ɗaga ɗan yatsa kusa da kuncinsa.

"Tsaya in ƙirga. Ɗaya. Biyu. Alhaji daina motsi. Uku."

"Ke, mi na na haka gaban yaro?"

"Huɗu. Wanga na biyar ɗin ya ɗan karkace, halan kuka kay yi ta yi wa wanzami."

"Ni? Kuka?"

Ya yi ƙoƙarin danne dariya, wallahi ya yi ƙoƙari. Gemu ya fara rawa, kafaɗa ta bi, sai dariya ta ƙwace masa, ya dube ta cikin ido. Ita ma ta fashe, yatsanta na nan bisa na shida. Nan kam saurin hannuna ya yi rana. Na danna, na danna, na danna. Ana haka rana ta faɗa bayan rumbu.

Wannan karon sai da na durƙusa na nuna musu. Inna ta ce, "To, ba laifi." Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Aika."

Ba a yi minti biyar ba amsar Ilori ta iso. Na buɗe saƙon muryar kowa ya ji.

"Alaji Gobir, na ƙirga, ya cika. Na yarda Bagobiri ne, na janye. Amma wannan kallo fa? Ashe jarumin namu tuntuni an ci shi da yaƙi a cikin gida! Ni ba da kai za ni ƙara magana ba. Ka gaida mini Hajiya, ita ce ubangidana."

Inna ta rufe baki da mayafi ta shige gida tana ƙyaƙyatawa. Alhaji ya yi gyaran murya, ya tashi zai tafi alwala. Har ya yi taku biyu ya juyo, ya rage murya.

"Yaro. Wanga hoto, ana iya yin babba? Na bango?"

"Ana yi, Baba."

"Yi biyu. Kak ka gaya mata ni na ce."

To 'yan uwa, abin da na koya ke nan. Ba duk abin da manhaja ta kira tabo ne tabo ba, wani sunan gidan mutum ne rubuce a fuskarsa, don haka kafin ka taɓa fuska, tambayi mai ita. Kuma mutanenmu ba su iya murmushin dole ba, musamman miji da mata a gaban baƙo. Kada ka ce su yi dariya. Ka zaunar da su inda haske yake, ka ba matar abin da za ta tsokani mijinta da shi, kai dai ka riƙe kamara da kyau.