Jan-Ɓawon Kawu Deshun

Kawu Deshun, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da lambun shaƙatawa na garinmu Xingshan. Bai yi karatu mai nisa ba, bai kuma yi aure ba, amma ko ganye ɗaya ka miƙa masa sai ya gaya maka sunan bishiyar da ya fito.

A bakin ƙofar lambun akwai wata 'yar bishiyar feng da muke kira jan-ɓawo, ita kaɗai ce irinta a garin. Ganyenta uku-uku ne, ɓawonta yana saɓulewa kamar takarda, launin kirfa. Masu wucewa kan ce, "Tsoho, bishiyarka ta kamu da ƙazuwa!"

"Ƙazuwar tana idonka," in ji shi. "Ado ne ta yi."

Da aka zo faɗaɗa titi aka sare ta. Kafin nan ya tsince 'ya'yanta cike da kwando, ya zauna yana latsa su ɗaya-ɗaya, don yawancinsu fanko ne. Goma sha bakwai ya samu masu ƙwaya. Ya shuka su a bayan gida, ya lulluɓe da busasshen ganye. Shekara ta zagayo, ko tsinke bai fito ba.

A lokacin ne ciwon ƙirji ya kwantar da shi asibiti a Yichang, ni na riƙe gidan. Na ga fili a banza, ga Kawu da son yaji. Na sa fartanya na kafce wurin, na kwashe tarkacen na zuba a rafi, na dasa barkono.

Ranar da ya dawo, ko shayi bai sha ba ya dogara sanda ya zagaya baya. Ya dubi barkonon.

"Qiaoyun, ƙasar saman fa?"

"Na zubar, Kawu. Ai irin ya mutu."

"Sai a shekara ta biyu suke tashi," ya ce a hankali. Ya tsinki barkono ɗaya ya ciza. "Kai, ya yi yaji. Kin iya shuka, 'yar nan."

Bai sake tayar da maganar ba. Duk kakar nan da barkonon yake cin taliyarsa, yana yaba shi a gaban maƙwabta. Na yi ta shirin ba shi haƙuri, kullum ina cewa gobe. Ya rasu kwana tara kafin Sabuwar Shekara.