Majigi Bisa Likkafanin Kaka

Duk sa'ad da injin ban-ruwa yat tashi a fadama da marece, yana tak-tak-tak ɗin nan nasa, ni ba albasa nike tunawa ba. Majigi nike tunawa. Gyara zama in gaya maka, don abin ya daɗe kwance a ƙirjina kamar ruwa a ƙasan rijiya.

A shekarun da anka fara haƙa hanyoyin ruwa a fadamar Wurno, ni yarinya ce, ko azumi ban fara cikawa ba. Ƙauyenmu yana can wajen Marnona. A ɗakin Kaka nike kwana, mahaifiyar babana. Tana da adudu a ƙarƙashin gado wanda ba ta buɗewa sai ranar Juma'a, in ta buɗe ɗaki ya cika da ƙamshin saiwar jema. Ciki akwai farin saƙi mai faɗi, a naɗe. Ita tak kaɗa zarensa, shekara uku, kafin yanar ido ta hana ta ganin zare. Likkafaninta ne. Haka tsofaffinmu ke yi, su tanadi tufar tafiya tun suna da ƙafa. Ni kaɗai ban sani ba, don ba a yi wa yara zancen mutuwa. Na zaci zanen Salla ne take rowa.

Bayan an yanke gero, motar majigi taz zo don a nuna wa maza noman shinkafa da ruwan rani. Sai dai farin ƙyallen da suke haskawa a kai ya faɗa laka a mashigin gulbi, a hanyarsu daga Rabah, ga bangayenmu jajaye. Baffana, ƙanen babana, yana cikin leburorin haƙa, shi ne mai kai da kawo a wurin baƙin. Yac ce in ruga gida in samo farin zane, kowane iri. Kaka ta tafi barka. Nij jawo adudu, nik kwaso, har da murnata. Magariba ta yi, Baffa bai duba ba, sunka ɗaure shi tsakanin itace biyu a ƙofar gidan mai gari.

Shinkafar ba ta daɗe ba. Da ta ƙare mutane sunka ƙi tashi, sai mai majigi ya ɗora wani faifai da yac ce na Turawa ne, masu raunin zuciya su tafi gida. Ba wanda yat tafi.

Har yau ina ganin duniyar nan. Ba ja, ba kore, kamar an yi gari da toka da farin wata. Ga wani tafki shimfiɗe, hayaƙi yana tafiya bisa kansa a hankali. Wani mutum ya kife da jirgi, ruwa ya haɗiye shi, mutanensa sunka duba kaɗan sunka koma gida sunka ci abinci. Can sai ruwan ya motsa. Yaf fito, ciyawa a gashi, idanu fari fat, yana tafiya kamar ƙafafun aro ne, har ƙofar gidansa. Yana ƙwanƙwasawa, ruwa yana ɗiga daga hannun riga. Na ciki suna ihu, suna tura gado da tebur bayan ƙofa. Iska kuma tana kaɗa zanen, sai ka ga ƙirjinsa ya kumbura ya lotsa, ya sunkuyo kanmu. Wani ƙaton mahauci ya bar takalminsa a wurin.

Ina maƙale da itacen da anka ɗaure zanen, sai nij ji ƙamshin goron Kaka. Nemana taz zo. Ta kai hannu don ta dafa, yatsunta sunka taɓa bakin zanen. Tam murza shi sau ɗaya. Mai kaɗi ba ta kasa gane zarenta ko a duhu.

Ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya har inda idonta ke kama babban abu, taz zauna a ƙasa, tak kalla har ƙarshe, inda sunka kore shi da wuta ya koma tafkin.

A hanya Baffa yana biye da zanen a kafaɗa.

"Inna, wallahi ban lura ba."

"Yaushe ka taɓa lura, babban banza? Kai da ba ka gane tuwo sai ya ƙone ka."

Ni kuwa kuka nike, don yanzu na san abin da niɗ ɗauko, kuma na san ba ta iya kaɗa wani. A raina, duk wanda anka naɗe cikin zanen nan ba zai kwanta ba, zai taso yana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ke, mi kike wa kuka?" in ji ta. "Wanda yay yi abin ga ya san ruwa, na ba shi wannan, har sanyinsa nij ji a gwiwa. Amma bai san mutuwa ba. Mamaci ba ya tasowa don ya ci mutum. Kin ga an yi mai wanka? An sallace shi? Sutura bawan Allah ke nema, sunka tare shi da tebur. Duk gidan, karensu ne kaɗai mai hankali, shi yaj je ƙofa yana kaɗa bindi."

Washegari babana ya kai maganar gaban liman. Liman yac ce haske ba najasa ba ne, zane yana nan da tsarkinsa. Kaka tac ce Malam ya yi gaskiya, amma ita ta ga wanda yas sa shi, kuma ba a sa likkafani sau biyu. Babana yac ce zai sayo mata na kanti. Tac ce ba ta tafiya gaban Ubangiji cikin abin da ba ta san hannun da yay yi shi ba. Tam mayar da zanen adudu, ta daina buɗewa ranar Juma'a. Sannan ta miƙo mini mazari da alli.

"Hannun da yak kwashe, shi zai mayar. Ki yi sauri, ban yi alkawarin jira ba."

Haka niz zauna kaɗi. Rani ya shigo, ruwa ya fara gudu a sabuwar hanya, fadama tay yi kore a lokacin da ba mu saba gani ba. Zarena yana tsinkewa, tana shafawa tana cewa wannan ko kaza ba a ɗaurewa da shi. In ta yi tari, sai in ƙara sauri.

Rani na biyu, ruwan hanyar ya kawo gawar wani lebura har bakin ƙauyenmu. Baƙo ne daga nesa, ba wanda ya san danginsa. Maza sunka tsaya kansa suna duban juna, ciyawa a gashinsa. Da labari ya iso gida, Kaka ta jawo adudu da kanta, ta miƙa wa Baffa.

"Kai masu. Mai shi ya iso."

Ta jira ni, Allah ya jiƙanta. Shekara huɗu. Cikin zarena mai ƙulli anka naɗe ta, kuma ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Yanzu ina Goronyo, babban dam yana kusa, da asuba hayaƙi yana tafiya bisa ruwansa kamar na tafkin nan. Jikokina suna kallon abin tsoro a waya, mai ja da kore, jini ko'ina, suna dariya. Ba mai kaɗi kuma. Nawa likkafanin na kanti ne, ban san hannun da yay yi shi ba. Amma biyu nis sa a sayo. Ruwa bai daina kawo baƙi ba.