Luguden Bakwai

Ba zan faɗi sunansa ba. Ɗan farina ne, mu kuwa a wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta tambayarsa ko ya ci abinci. Tun da aka yaye shi uwar Malam, mijina, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ita ta goya shi, ita ta san kukansa. Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Haka muka tarar ana yi, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba sai shekarar da zan ba ku labarinta.

Yaron nan ya yi allo a gaban mahaifinsa har ya sauke, sannan ya bi boko har ya kai jami'ar nan ta wajen Rijiyar Zaki. A can ya yi aboki, ɗan wasu mutanen Barno da suka daɗe da zama a Kano suna kasuwanci. Sau biyu ya kawo shi gidanmu. Dogo ne, baƙi, mai yawan dariya, ba ya iya zama bai ƙwanƙwasa wani abu da yatsu ba, ko kwano ko gwiwarsa. Ya sha furata ya ce a ƙara.

A karo na uku suna hanyar zuwa, bayan sun wuce Bici, bas ɗin da suka shiga ta faɗi. Namu ya karye a hannu. Abokin ko shurawa bai yi ba. Allah ya jiƙansa.

Hannu ya ɗoru cikin wata biyu, amma baki ya rufe. Ba ya magana. In an gaishe shi sai ya ɗaga kai. Yana salla, yana cin loma biyu uku, sai ya koma ɗakinsa na kusa da zaure ya turo ƙofa. Kakarsa da za ta shiga ta zauna a bakin gadonsa ta ce "kai, me ke damunka?" ta rasu shekara biyu kafin nan. Ni kuwa ga ni a tsakar gida, taku goma tsakanina da ƙofarsa, ba ni da hanyar shiga.

Abu ɗaya ne yake fitowa daga ɗakin, shi ne kiɗa. Yana da rediyo mai kaset, da kaset guda ɗaya da aka tsinto a jakarsa ranar hatsarin. Daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, in ya ƙare ya juya, in ya ƙare ya sake juyawa.

Ni na san kiɗa. Na san kalangu da kotso da shantu, na san na Indiya da ake sawa a rediyo. Wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Da farko ma na ɗauka rediyon ce ta lalace, don sai a daɗe ba a jin komai sai wani shuuu kamar iska a cikin karan dawa. Can sai wata sarewa ta taso ita kaɗai. Can sai ganguna su faɗo gaba ɗaya kamar an zubar da kwanuka. Mai waƙar namiji ne da muryar mata, yana yin baiti biyu ya tafi abinsa, ba masu amshi, ba kowa. Fuska ɗaya ta kaset ɗin waƙa ɗaya ce tal, tsawonta ya isa a dafa wake.

Facalata, matar wan Malam, katanga ce kawai tsakaninmu, tare muke daka. Ita bakinta ba ya ajiye magana. Ta tuna cewa zuwan abokin na biyu ta tambaye shi irin kiɗan da suke ji a makaranta, ya ce mata sunansa rok, amma irin mai dogon zango. Ita roƙo ta ji.

Ta ce, "Wane irin roƙo ne wannan, tun safe ba a kira sunan kowa ba? Maroƙan Turawa ai da yunwa za su kwana."

Na ce, "Ke dai ki yi dakanki."

Ta ce, "Ina yi. Amma wallahi ko akuyata ta daina tuƙa in ya kai wurin kururuwar nan."

Malam ya yi iya yinsa. Ya yi rubutu an sha, ya yi tofi, ya kai shi asibiti a Kano likita ya ce jikinsa lafiya lau. Mutane kuwa suka fara magana. Wan Malam ya ce masa kiɗan nan ne ya riƙe yaron, kiɗa ne na iskoki, ba a taɓa jin gidan malami yana fitar da irin wannan ƙara ba. Malam mutum ne mai haƙuri, ya daɗe yana jurewa. Ranar wata Talata da safe, yana shirin tafiya gona, ya tsaya a ƙofar ɗakina.

Ya ce, "Na ba shi zuwa Juma'a. In mun sauko daga masallaci zan karɓi kaset ɗin nan in sa a wuta."

Na ce, "Malam, in shi ne kaɗai abin da yake riƙe da shi fa?"

Ya ce, "In kuma shi ne yake riƙe da shi fa?"

Gaskiya ban san wanne ne ba. Na dai san in aka ƙona abin nan, ya zamana kuskure ne, ba a mayar da toka kaset. Na kuma lura cewa dukkanmu masu yanke wa kiɗan nan hukunci, babu wanda ya taɓa zama ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe. Gudunsa muke yi. Sai na ce a raina, tunda ba zan iya shiga in tambayi ɗana ba, bari in tambayi kiɗan.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero. Na mirgina turmina daga gindin darbejiya na kai shi jikin bangon ɗakinsa, daidai ƙarƙashin 'yar tagar. Facalata ta ce rana za ta cinye mu a nan. Na ce inuwar can tururuwa sun yi yawa. Ta dube ni, ta dubi tagar, ta ɗauko taɓaryarta ta biyo ni.

Ranar na saurara da kunnen basira. Na ji ashe ba hauka ba ne. Tafiya ce. Sarewar nan ta farko kamar mutum ne ya fito daga gida da sassafe. Sai ya shiga kasuwa, sai aka biyo shi da gudu, sai ya faɗa wani wuri mai faɗi inda ba kowa, jita ɗaya tana kuka a hankali. Ni da nake yi wa yara tatsuniya, na san inda ake jan rai da inda ake sakinsa. Masu kiɗan nan ma sun sani.

Amma akwai wani wuri a tsakiya, inda ganga take tafiya ita da wata babbar jita mai murya ƙasa-ƙasa, suna maimaita abu ɗaya. Wurin yaron yake mayarwa baya ya sake ji, sau uku, sau huɗu. Sai na ce to, a nan maganar take.

Ni kuwa a lugude ba a taɓa kayar da ni ba. Tun ina budurwa in ana surfen biki ni ake sawa a gaba. Ina jefa taɓarya sama in tafa sau biyu in cafe, in buga bakin turmi in buga ciki, mata huɗu suna bina ba mai karo da wata. Duk kiɗan da na ji, hannuna yana kama shi kafin kaina. Sai na ɗaga taɓarya na ce bari in bi wannan.

Na bi, na bi, sai taɓaryata ta sauka a inda babu komai. Kamar ki kai ƙafa kina zaton ƙasa ki ji rami. Na sake. A wuri ɗaya ta sake faɗawa. Makaɗin yana tafiya daidai, daidai, sai ya yi tsalle ya bar ni a baya.

Facalata ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, "Yau ga sarauniyar lugude Bature ya kayar da ita! Ke, makaɗin nan gurgu ne, ɗingishi yake yi. Ki bar wahalar da kanki."

Laraba na sake gwadawa, ban samu ba. Geron ya daku har ya wuce yadda ake so. Hannuna ya yi kanta a inda bai taɓa yi ba. Daga ɗakin kuwa ba motsi, sai dai na lura ana mayar da wurin nan baya fiye da kullum.

Alhamis da hantsi, saura kwana ɗaya. Na tashi da zuciya a cunkushe. Na zuba gero, kiɗa ya kai wurin, na shiga bi. Na faɗi. Na sake, na faɗi. A na biyar ko na shida sai rediyon ta yi ɗif. Shiru. Sai wata murya ta fito ta taga, a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Yaya, bakwai ne. Ba takwas ba."

Taɓaryar ta kusa suɓuce mini. Wata biyar ban ji muryar nan ba. Na ji idona ya kawo ruwa, na sunkuyar da kai cikin turmi kamar ina duba tsakuwa. Ba zan iya amsa masa kai tsaye ba. Sai na dubi facalata na ce, "Ki tambaye shi, bakwai ɗin me?"

Ta ce, "Ikon Allah! Mutum yana bayan bango yana jinki, sai an yi miki tafinta?" Amma ta juya ta fuskanci tagar. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ɗan nan, wai an ce bakwai ɗin me? Fito ka yi mana bayani, mu ba mu yi jami'a ba."

Ƙofa ta buɗe. Ya fito da rediyon a hannu, ya rame, gashi ya taru. Ya tsuguna nesa da ni kaɗan, idonsa a kan turmin. Ya ce, "Kuna ƙirga huɗu da huɗu. Shi huɗu ne da uku. Ana cire ɗaya." Ya tafa da hannunsa, huɗu, sannan uku, huɗu, sannan uku. Ya kunna.

Na ɗaga taɓarya. Huɗu a ciki, uku a baki. Na farko na kuskure. Na biyu ta zauna. Ta zauna daram, kamar an yi turmin don kiɗan. Ashe makaɗin ba gurgu ba ne, ni ce nake neman takun da babu shi. Muka tafi tare, ni da gangar, har wurin ya wuce.

Da ya kashe, sai ya ce, yana kallon ƙasa, "Kaset ɗin abokina ne. Kullum yana buga mini wurin nan a kan tebur, yana cewa in ƙirga. Ban taɓa iyawa ba, yana ta yi mini dariya. A cikin motar ma abin da yake buga mini ke nan a gwiwa." Ya shafa rediyon. "Sai bayan ya tafi na iya. Ba wanda zan nuna wa."

Sannan ya yi kuka, kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Facalata ta ajiye taɓarya ta je ta dafa kansa tana cewa ya yi haƙuri, ya yi masa addu'a. Ni ina tsaye riƙe da tawa. Abin da na iya shi ne na ce wa iska, "A kawo masa fura." Na kuma je na dama da hannuna. Ya shanye.

Malam ya dawo daga gona kafin azahar. Ya tarar da ɗansa a tsakar gida. Yaron ya ce masa, "Sannu da zuwa, Baba." Malam ya tsaya da fartanya a kafaɗa, ya dube shi, sannan ya amsa ya wuce ya yi alwala.

Juma'a da suka sauko daga masallaci, Malam ya aika a kawo masa kaset ɗin. Na san Malam ba ya faɗin magana ya janye. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya dubi murhu inda nake girki. Sannan ya miƙo mini, har da rediyon.

Ya ce, "Ban ce halal ne ba. Ba a kunna shi lokacin salla, ba a kunna shi ina karatu. A ɗakinki zai zauna, tunda ke kika san ƙirgensa. Duk ranar da yake son ji, ya zo ya yi sallama ya tambaya da bakinsa."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar sai in ji sallama a ƙofata: "Yaya, a ba ni aron rediyo." Ni kuma in ce wa bango, "A zauna a nan a ji, ba a fita mini da kaya." Ya zauna a dokin ƙofa, ni ina ciki ina ɓarar gyaɗa. Ba sauƙi ya samu a rana ɗaya ba. Akwai makon da zai sake yin shiru. Amma dole ya zo, dole ya buɗe baki, daga aron rediyo har aka kai ga labarin makaranta. Ya nuna mini cewa a ɗaya fuskar akwai kiɗa mai ƙirgen biyar, akwai mai tara. Mai tara ɗin har yau yana ba ni wuya.

Da damina ta kewayo ya koma karatu. Ranar tafiyarsa ya yi sallama da kowa da bakinsa, ya durƙusa a ƙofata ya ce, "Yaya, na tafi. Na bar miki kaset ɗin." Na ce wa facalata, "Ki ce masa Allah ya tsare hanya." Ta ce, "Ya ji."

Bayan an raka shi bakin titi gida ya yi tsit. Malam yana gona. Na gama shara, na yi wanke-wanke, na shiga ɗaki na zauna. Babu mara lafiya a gidan, babu wanda zan ce don shi nake yi. Na jawo rediyon, na danna da kaina, na jingina da bango ina jiran sarewar ta taso.